Mashin mai ƙafa huɗu: kuloci irin na roba-roba ko irin na Boxer, wanne zaka ɗauka?

Tun damunar bara da kawuna ya kawo mashin ɗin nan mai ƙafa huɗu gonarsa ta hanyar Shika mutane suke tare ni da tambaya, wani a ƙofar masallaci wani a gareji, wai idan mutum zai saya wanne ya kamata ya ɗauka, mai kuloci a hannu ko wanda babu. Ni nake yawan hawansa, ni kuma nake kai shi wajen bakanike idan ya yi ciwo, shi ya sa tambayar take zuwa kaina. Toh bari na faɗi abin da na gani da idona, don gaskiya kuɗin mashin ɗin nan ba ƙaramin kuɗi bane, kuma ina jin ciwon in ga mutum ya sayar da masararsa ya sayo abin da zai zo ya jingine a zaure.

Turawa suna ce masa ATV, mu dai a nan mashin mai ƙafa huɗu muke cewa. Kuma maganar kuloci ɗin nan duk wanda ya tashi a Zariya ya riga ya san ta ko da bai taɓa ganin mai ƙafa huɗun ba. Ka hau roba-roba? Ka tayar, ka taka giya, ka ba shi wuta ya tafi, hannunka na hagu babu abin da yake yi sai riƙe kan mashin. Ka hau Boxer irin na 'yan acaba? Sai ka kama kuloci, ka sa giya, ka saki a hankali kana ƙara wuta, idan ka saki da sauri ya yi tsalle ya mutu. Shikenan bambancin. Na farkon shi ne wanda masu sayarwa suke kira semi, wato rabinsa otomatik, giya kai zaka sa da ƙafarka amma kuloci shi yake kama kansa. Na biyun kuma komai a hannunka yake.

Akwai na uku, don kar mai sayarwa ya ruɗa ka. Shi wannan belt ne a ciki, babu sa giya ɗaya biyu uku kwata-kwata, sanda ce kawai ka tura gaba ko ribas, irin su Yamaha Grizzly da Polaris Sportsman da ƙananan na China masu injin sukuta. Wannan maganarsa daban ce, ba ita muke yi yau ba, amma idan aka ce maka "otomatik ne Alhaji" ka duba ƙafar hagu, in ka ga abin taka giya toh semi ne, in babu toh yawanci mai belt ne.

Abin da yake faruwa a cikin semi ɗin yana da kyau mutum ya gane shi, don daga nan duk sauran maganar take fitowa. Kuloci biyu ne a ciki a yawancinsu. Na farko yana kan kiranshaf, wato sandar da inji yake juyawa, wasu takalma ne guda uku kamar takalman birki, sifirin yana riƙe da su a tsakiya. Idan inji yana silo suna nan a tsuke basu taɓa komai, shi ya sa zaka iya tsayawa da giya a ciki mashin bai mutu ba. Da ka ba shi wuta juyin ya ƙaru sai takalman su buɗe su kama kwanon da yake kewaye da su, kamar yadda idan ka ɗaura dutse a igiya kana wulwulawa yake neman fita waje, daga nan ƙarfi ya wuce zuwa taya. Na biyun kuma faifai ne irin na kowane mashin, sai dai maimakon waya ta zo daga hannunka, an haɗa shi da abin taka giya, duk lokacin da ka taka yana sakin faifan na ɗan lokaci giyar ta shiga ya koma ya kama. Kaga ashe ƙafarka ce take kama kulocin baka sani ba.

Dabarar ma ta daɗe. Honda ne suka yaɗa ta da Super Cub a 1958, kakan duk wata roba-roba da kake gani a PZ da Kwangila, an yi shi ne yadda yaro mai kai abinci zai iya tuƙi da hannu ɗaya, kuma zuwa 2017 sun ƙera sama da miliyan 100. Da suka fito da mai ƙafa uku na shiga daji a 1970 shi ma haka suka yi shi babu kuloci a hannu. Suzuki ne suka fara kawo mai ƙafa huɗu, LT125, a 1982, sannan a 1988 aka daina sayar da sababbin masu ƙafa ukun a Amurka saboda yawan kifewa da suke yi da mutane. Wato tun asali mashin ɗin aiki da semi aka san shi, mai kuloci a hannu daga baya ya shigo da masu tsere.

Yanzu ga inda mutane suke kuskure. Suna ɗauka mashin ɗaya ne kawai aka canza masa kuloci, alhali idan ka zaɓi kuloci kusan ka zaɓi irin mashin ɗin gaba ɗaya. Je ka duba masu kuloci a hannu, Yamaha Raptor 700, YFZ450R, Banshee, Honda TRX400EX, duk na wasa ne da gudu. Tayoyin baya kawai suke ja, sarƙa ce a baya, siroket da faifan birki suna nan ƙasa-ƙasa kusa da ƙasa, babu kariya ta ɗaura kaya gaba babu baya, Banshee ko ribas ba shi da shi. Su kuma na semi, Honda Recon da Rancher da Foreman, da Yamaha Big Bear, su ne masu kariya gaba da baya, da wajen ɗaura tirela, da shaf, wato sandar ƙarfe mai juya taya, maimakon sarƙa, manyan cikinsu kuma ana samun masu jan taya huɗu. Don haka kafin ka tambayi kanka wane kuloci, tambayi kanka me zan yi da shi ranar Litinin da safe. Idan amsar ita ce kai taki, zagaya gona, ɗauko injin ban ruwa daga fadama, kai wa ma'aikata abinci, wallahi ba sai mun ja magana ba, semi zaka ɗauka.

Bari na ba ka misali da abin da ya faru a gabana. Cikin watan Agusta, lokacin da ruwa ya kama sosai, hanyar shiga gonar kawu akwai wani kwazazzabo da ruwa yake yankawa, ka gangara cikin laka sannan ka hau wani ɗan tudu mai santsi, jar ƙasar nan da in ta jiƙa take zama kamar sabulu. Wani maƙwabcinmu na gona, matashi ne mai son mashin, ya sayo na hannu mai kuloci, mai kyan gani ƙwarai, ya ɗaura buhun taki a bayan sit da roba. Ya gangara lafiya, da ya zo tsakiyar hawan sai taya ta fara juyawa a banza, ya rage wuta, mashin ya mutu. Toh yanzu ka duba halin da yake ciki: hannun hagu yana kan kuloci, hannun dama yana kan birkin gaba kuma da babban yatsan wannan hannun ne zai danna totur, don su waɗannan mashinan ba murɗawa ake yi ba, dannawa ake da yatsa, ƙafar dama tana kan birkin baya, ta hagu tana neman giya, mashin kuma yana silalewa baya da kaya a kansa. Ya tayar ya saki kuloci da ƙarfi don tsoron kar ya sake mutuwa, gaban ya ɗaga sama. Allah ne ya kiyaye buhun ya zame ya faɗi, mashin ya dawo ƙasa. Ni na bi wajen da na kawu bayan minti kaɗan, giya ɗaya, yatsa a kan wuta kaɗan-kaɗan, da na ji taya tana santsi na tsaya cak a tsakiyar hawan, na kama birkin hagu, inji yana ta silonsa bai mutu ba, na karkata jikina gaba na sake ba shi wuta a hankali ya haye. Ba don na fi shi iya tuƙi ba, yaron ya fi ni iya mashin nesa ba kusa ba. Abin da ya taimake ni shi ne a semi hannun hagu birkin baya ne, kuma inji baya mutuwa don ka tsaya.

Wannan maganar ta hannun hagu ka riƙe ta da kyau idan gidanku akwai masu hawan Boxer. Wanda ya saba da kuloci, ranar farko da ya hau semi zai kai hannu ya damƙe abin hagu da niyyar canza giya, sai ya ji tayoyin baya sun ƙulle ƙirjinsa ya daki kan mashin. Ka gaya masa tun kafin ya hau. Haka tsarin giyar ma ba irin wanda ya saba bane, a na Honda na aiki daga firi sama zaka dinga ɗagawa har biyar, ribas yana ƙasan firi kuma sai ka danna wani maɓalli ka kama birki kafin ya shiga. A na tsere kuma ɗaya ƙasa sauran sama.

Sai maganar waye zai hau. Gona ba mutum ɗaya bane yake shiga. Yau kai ne, gobe ƙaninka, jibi mai gadin gona, wata rana Baba da kansa zai ce a ba shi ya leƙa masara. Kuloci na hannu yana son hannu ɗaya wanda ya san shi, idan hannaye suka yi yawa a kansa kowa da irin sakinsa, wani yana tafiya da rabin kuloci a kame, kafin kaka faifan sun ƙone. Semi ya fi haƙuri da wannan. Amma dan Allah sauƙin nan kar ya sa a miƙa wa yara. Manyan mashinan nan a jikinsu an rubuta ƙasa da shekara 16 kar ya hau, kuma nauyinsu in ya danne yaro ba zai iya ture shi ba. Dogon sit ɗin nan ma da mutane suke gani su ce ai na mutum biyu ne, an yi shi ne don mai tuƙi ya dinga matsawa gaba da baya a hawa da gangara. Hular kwano kuma dole, ko a cikin gona ne.

Kar in zalunci mai kuloci a hannu, yana da nasa wajen. Idan kai don nishaɗi kake so, ka fita bayan gari wajen Kufena da rani ka yi wasa a fili, ko ka shiga yashin rafi lokacin da ruwa ya janye, toh shi ne zai ba ka abin da kake nema. Zaka iya ɗaga juyin inji sama kafin ka saki, ka fita daga kwana da ƙarfi, ka ɗan taɓa kuloci gaban ya ɗaga ka tsallake rami, semi ba zai ba ka wannan ba don shi yake yanke lokacin da zai kama. Kuma cikinsa ya fi sauƙi, kuloci ɗaya ne, faifai da sifirin da waya, duk bakaniken da yake gyaran Boxer in ya buɗe zai gane abin da yake gani. Akwai ma wanda Honda suka yi a tsakiya, TRX250X, yana da kuloci a hannu amma ko ka saki a tsaye baya mutuwa, don masu koyo aka yi shi. In ka ci karo da shi kuma wasa kake so ka koya, ba laifi.

Toh ka yanke shawara, ka je wajen saye. Yawancin abin da zaka samu na hannu ne ko sabo ɗan China, don haka gwaji ya zama dole, kuma ka ce kar a tayar kafin ka zo, ka taɓa inji da hannunka ka ji da sanyi. Idan semi ne, tayar, bar shi ya ɗan yi ɗumi, kama birki, sa giya ɗaya. Ya kamata ya shiga da ɗan ƙara kaɗan ya tsaya. In ya yi tsalle ko ya mutu, ko ka saki birki ya fara tafiya da kansa baka ba shi wuta ba, ko dai silo ya yi yawa ko sifirin ɗin takalman sun saki. Silo gyaran minti biyu ne, a rage a gabanka ka sake gwadawa, in bai daina ba toh sai an buɗe. Daga nan ka hau ka kai giya uku ko huɗu a ƙaramin gudu ka danne wuta gaba ɗaya. In inji ya yi ihu amma gudun bai ƙaru daidai da ihun ba, kuloci yana zamewa. Ka gwada ribas sau biyu sau uku. Ka nemi ɗan tudu ka gangaro da giya biyu ka ɗauke yatsa daga wuta, ya kamata ka ji inji yana riƙe mashin, in ya tafi sululu kamar a firi akwai wani boris mai juyawa gefe ɗaya a cikin kulocin farko da ya lalace, kuma a gangara da kaya wannan ba abin wasa bane. Idan mai kuloci a hannu ne, duba wasan hannun, wajen milimita 10 zuwa 20 kafin ya fara kamawa, ka ji ko yana kamawa a tsakiya ko sai can ƙarshen saki, wanda yake nuna faifai sun kusa ƙarewa. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka shinshina, warin ƙauri baya ɓuya.

Kafin kuɗi ya bar hannunka ka ɗauki hoton injin ka kai wa bakanikenka da masu kayan gyara a Sabon Gari. Ƙananan na China masu 110 da 125 yawanci injin roba-roba ne kwance a ciki, kayansu da yawa suna shiga, sai dai ƙarfinsu kaɗan ne, na zagaye ne ba na ɗaukar kaya ba. Masu 200 da 250 na China kuma da yawa kuloci na hannu ne, injin tsaye irin na keken ɗaukar kaya, shi ma ana samun kayansa. Manyan na Japan sun fi su ƙarko nesa, amma ranar da takalman kuloci suka cinye zaka iya jira kafin a kawo maka, don haka ka san hanyar da zaka samu tun yanzu. Bakanikenmu da na kai masa na kawu ranar farko, dattijo ne, ya zagaya shi ya leƙa ƙasa ya ce "yaro, wannan ai babbar roba-roba ce, in dai ba ku zuba mata man mota ba za ta kai ku."

Maganar man nan gaskiya ce. Kulocin waɗannan mashinan a cikin baƙin mai yake wanka, man da yake zagaya inji shi ne yake jiƙa faifan. Wasu mayukan mota na zamani an sa musu sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, wannan santsin shi yake sa kuloci zamewa. Ka nemi man mashin wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan, nauyinsa kuma ka bi abin da littafin mashin ya ce. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi kar ka kusance shi. In kun ratsa ruwa mai zurfi ka duba man, da ka ga ya koma fari-fari kamar koko ruwa ya shiga, juye shi a ranar.

Yadda zaka hau semi ya daɗe maka kuma abu huɗu ne ko biyar, kuma duk wanda na ga ya kashe nasa ɗaya daga ciki ya taka. Da giya ɗaya ake tashi, musamman da kaya. Saboda baya mutuwa mutane suna lalaci su tashi a giya uku, mashin zai tafi kam, amma takalman nan suna gogar kwano suna zafi har su ƙone, kai baka ji komai ba sai ranar da ya ƙi ja. Duk sanda zaka canza giya ɗauke yatsa daga wuta, taka, saki, sannan ka mayar. Kar ka ɗora ƙafa a kan abin giya kana tafiya, ka tuna shi ne kulocinka, ɗan nauyin ƙafar nan yana sakin faifai rabi. A kan tudu in ka tsaya birki zai riƙe ka, kar ka riƙe mashin da wuta. In laka ta kama ka kuma ka ga taya bata juyawa inji yana gurnani, sauka, rage kaya, a tura, ci gaba da danna wuta a nan shi ne ƙona kuloci cikin 'yan mintuna.

Akwai ɗan saiti da ake yi masa lokaci-lokaci, idan giya ta fara tauri ko tana shiga da duka. A jikin murfin kuloci zaka ga wani sukuru da noti ya ɗaure shi. Inji a kashe, ka sassauta notin, ka juya sukurun hagu a hankali har ka ji ya ɗan yi tauri, sai ka dawo da shi dama kaɗan, a na Honda na aiki kwatan zagaye, ka riƙe shi da sukundireba ka ɗaure notin kar ya motsa. Wasu injinan adadin ya bambanta, don haka na farko ka tsaya a kan bakanike ka ga yadda yake yi.

Saura kaya, don nan ne mu mutanen gona muke cutar mashin. Ƙafa huɗu bata mayar da shi a-kori-kura ba. Recon, mai 229cc, kariyar gabansa kilo 15 aka yarda, ta baya kilo 30, kaga ko buhun taki ɗaya mai kilo 50 ya wuce ƙa'ida, balle buhun masara. Rancher 420 bayansa wajen kilo 60 ne, buhu ɗaya kenan. Abin da ya fi shi ne a haɗa maka ƙaramar tirela mai taya biyu wajen masu walda, Recon ɗin nan zai ja wajen kilo 225 har da nauyin tirelar, a giya ɗaya da biyu, kaya a ƙasa-ƙasa. Iskar taya kuma kaɗan ake sa musu ƙwarai, yawanci bata wuce 3 zuwa 7 a ma'aunin psi ba, adadin yana rubuce a jikin mashin, ka tsaya a kan mai faci don in ka juya baya zai ɗura mata irin ta mota. Kuma a kan kwalta ba daɗinsa ake ji ba, tayoyin baya a sanda ɗaya suke, tare suke juyawa, a kwana yana turjiya yana neman ɗaga ƙafa ɗaya. Na kawu a gona yake kwana, in zai zo gari gyara a bayan mota muke ɗora shi, mu sa giya ɗaya, mu kulle birkin hannu, mu ɗaure shi da igiya ta kusurwa huɗu.